Gurfanar da Masu Tsofaffin Laifuffuka ta Hanyar Gwajin DNA da Matakan da ke Gabatar Zaman Shari'a

Gabatarwa

Akwai laifuffukan da ake aikatawa, 'yan sanda su yi iya bincikensu, a tambayi wanda za a tambaya, a kama wasu a sake su, amma a wayi gari ba a san wanda ya aikata ba. Idan aka kai wannan matsayi, sai fayil ɗin ya koma cikin kabad, jami'in da ke riƙe da shi a canza masa wurin aiki ko ya yi ritaya, iyalan wanda abin ya shafa kuwa su zauna da abin a zuci. Irin waɗannan su ne muke kira laifuffukan da bincikensu ya kwanta.

Tun daga shekarar 1986 aka sami hanyar tayar da irin wannan bincike, wato gwajin ƙwayoyin halittar gado da ake kira DNA. A wannan bayani za mu duba yadda ake amfani da gwajin wajen gurfanar da wanda ake zargi bayan shekaru masu yawa, da irin roƙe-roƙen da lauyoyin ɓangarorin biyu ke gabatar wa alƙali kafin a fara sauraren shaidu. Mun zaɓi wata shari'a da aka yi a jihar Kaliforniya ta Amurka domin ta zama misali, saboda ta tattaro yawancin matsalolin da ke tasowa. Daga nan za mu waiwayo ga matsayin doka a Nijeriya, da abin da ya rataya a wuyan masu unguwanni, dagatai, ma'aikatan lafiya da sauran jama'a. Abin da muke son mai karatu ya riƙe shi ne cewa makomar tsohuwar shari'a tana rataye ga abu biyu: yadda aka adana kayan shaida tun ranar farko, da abin da alƙali ya yarda a shigar a matsayin hujja.

Mene ne DNA, kuma a ina ake samunsa?

Jikin ɗan Adam an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya iya gani. A cikin yawancinsu akwai wani sinadari mai kama da dogon zare, wanda ke ɗauke da bayanin halittar mutum. Wannan sinadari shi ne DNA. Rabinsa mutum yana gadonsa daga uwa, rabi daga uba. Kusan kashi 99.9 cikin 100 na wannan bayani iri ɗaya ne a jikin dukkan mutane, ɗan ragowar kuwa shi ne ke bambanta wani da wani. Tagwayen da suka fito daga ƙwai guda ne kaɗai gwajin da aka saba yi ba ya iya rarrabewa.

Ana samun DNA a jini, maniyyi, yawu, tushen gashi, ƙashi, haƙori da ɓurɓushin fatar da mutum ke bari a kan abin da ya taɓa. Masu gwaji ba sa karanta zaren gaba ɗaya. Suna duba wasu keɓaɓɓun gurabe ne inda mutane suka fi bambanta, su mayar da abin da suka gani zuwa jerin lambobi. A Amurka gurabe 13 ake dubawa a da, daga watan Janairu na 2017 aka mayar da su 20. Idan lambobin samfurin da aka tsinta a wurin laifi suka saɓa da na wanda ake zargi, to samfurin ba daga jikinsa ya fito ba. Idan suka dace, sai masanin ya lissafa wa kotu yadda zai yi wuya a sami wani mutum dabam mai irin waɗannan lambobi.

Zafi, laima da hasken rana suna lalata DNA. Samfurin da ya bushe a inuwa aka adana shi a wuri mai sanyi kuwa yakan yi shekaru da dama bai lalace ba. Wannan ne ya sa tabon da ke jikin riga zai iya ba da shaida bayan shaidun gani da ido sun mance ko sun rasu.

Mafarin amfani da gwajin

A watan Satumba na 1984 wani masani mai suna Alec Jeffreys na Jami'ar Leicester a Ingila ya gano hanyar bambanta mutane da DNA. A kusa da wannan birni an yi wa 'yan mata biyu masu shekara 15 fyaɗe aka kashe su, ɗaya a 1983, ɗaya a 1986. 'Yan sanda suka kama wani saurayi ɗan shekara 17 wanda ya amsa kisa na biyu. Da aka kai wa Jeffreys samfuran, sai gwaji ya nuna mutum guda ne ya aikata laifuffukan biyu, kuma ba wannan saurayi ba ne. Ke nan aikin farko da gwajin ya yi a binciken kisan kai shi ne wanke mutumin da ya amsa laifi da bakinsa.

Daga nan aka ɗebi jini da yawun kimanin maza 5,000 na yankin. Wani mai aikin gidan burodi, Colin Pitchfork, ya tura abokin aikinsa ya ba da jini a madadinsa, amma zancen ya fasu. An kama shi a watan Satumba na 1987, gwaji ya dace da shi, aka yanke masa ɗaurin rai da rai a watan Janairu na 1988. Ingila ta kafa rumbun bayanan DNA na ƙasa a 1995, Amurka ta buɗe nata a 1998. Da waɗannan rumbuna ne aka fara kwatanta tsofaffin samfura da na mutanen da aka kama kan wasu laifuffuka dabam.

Shari'ar Joseph James DeAngelo

Tsakanin 1974 da 1986 an yi ta aikata munanan laifuffuka a sassa daban-daban na Kaliforniya. An fasa gidaje sama da 100 a garin Visalia a 1974 da 1975. An yi wa mata kimanin 50 fyaɗe a yankin Sakramento da gundumomin da ke maƙwabtaka daga 1976 zuwa 1979. An kashe mutum 13 daga 1975 zuwa 1986, goma daga cikinsu a kudancin jihar. Kowace gunduma tana nata bincike, an kuma daɗe ana ɗaukar cewa mutane daban-daban ne ke wannan ta'asa. Sai a 2001 gwajin DNA ya nuna cewa mai fyaɗen arewa shi ne makashin kudu. Daga baya aka laƙaba masa suna Golden State Killer. Sai dai lambobinsa ba su dace da na kowa a rumbun gwamnati ba, domin ba a taɓa ɗaukar samfurinsa ba.

Abin da ya buɗe hanya shi ne wani samfuri da aka ɗauka daga gawar wata mata da aka kashe tare da mijinta a gundumar Ventura a 1980. Likitan da ya binciki gawar yana da al'adar ɗaukar samfuri biyu, ya ba da ɗaya, ya ajiye ɗaya a na'urar sanyi. Na ajiyar ya yi shekara 37 ba a taɓa shi ba. Daga 2017 masu bincike, cikinsu har da Paul Holes da wata masaniyar salsala mai suna Barbara Rae-Venter, suka shigar da bayanin wannan samfuri a shafukan intanet irin su GEDmatch, inda mutane ke sanya bayanin DNA ɗinsu don neman dangi. Suka sami wasu da ke da dangantaka ta nesa da mai laifin, suka yi ta bin salsalar kakanni har zuwa ƙarni na 19, sannan suka gangaro suna tace zuriyar: wane ne namiji, mai shekarun da suka dace, da ya zauna a waɗannan garuruwa a waɗancan shekaru?

Wannan tacewa ta kai su ga Joseph James DeAngelo, ɗan shekara 72, tsohon ɗan sanda da ya yi aiki a garuruwan Exeter da Auburn daga 1973 zuwa 1979, aka kore shi saboda satar kaya a kanti. Bin salsala kaɗai bai isa a kama mutum ba. Don haka jami'ai suka bi shi a ɓoye, suka shafo samfuri daga marikin ƙofar motarsa a wurin ajiye motoci na wani kanti, suka kuma tsinci takardar goge hanci a kwandon sharar da ya fitar ƙofar gida. Da gwaji ya dace, aka kama shi ranar 24 ga Afrilu, 2018. Ya kamata a sani cewa kafin a kai gare shi an bi wasu hanyoyin da suka ɓata, har aka ɗauki samfurin wani dattijo a gidan kula da tsofaffi a jihar Oregon a 2017, gwaji ya wanke shi.

Roƙe-roƙen share fage

Kama mutum mataki ne na farko kawai. Kafin a kira shaida ko ɗaya, lauyoyin ɓangarorin biyu suna da damar gabatar wa alƙali roƙo a rubuce, kowanne da dalilansa, alƙali ya saurara ya yanke. Waɗannan su ne roƙe-roƙen share fage. A tsohuwar shari'a sun fi nauyi, domin sau da yawa gwajin DNA shi ne ginshiƙin tuhumar baki ɗaya, idan aka cire shi babu abin da zai rage. Ga manyan nau'o'insu.

Na ɗaya, roƙon soke tuhuma saboda ƙarewar wa'adi. A Kaliforniya kisan kai ba shi da wa'adin shigar da ƙara, amma a shekarun 1970 fyaɗe yana da wa'adi na 'yan shekaru kaɗan. Jihar ta cire wannan wa'adi ga manyan laifuffukan fyaɗe daga farkon 2017, sai dai sabuwar dokar ba ta farfaɗo da wanda ya riga ya ƙare ba, kuma tun a 2003 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a shari'ar Stogner cewa tsarin mulki ya hana yin haka. Saboda haka ba a iya tuhumar DeAngelo da fyaɗe ko ɗaya ba. Masu gabatar da ƙara suka tuhume shi da kisa 13, da kuma laifi 13 na tsare mutum da janye shi da ƙarfi domin fashi, wanda hukuncinsa ɗaurin rai da rai ne, don haka ba shi da wa'adi. Domin kauce wa irin wannan asara ne masu gabatar da ƙara a birnin Milwaukee suka fara a 1999 shigar da tuhuma a kan wanda ba a san sunansa ba, a siffanta shi da lambobin DNA ɗinsa kafin wa'adi ya cika. Kotun Ƙolin Kaliforniya ta amince da wannan hanya a 2010.

Na biyu, roƙon soke tuhuma saboda jinkiri. Lauya mai kare wanda ake tuhuma zai ce shaidun da za su tabbatar da inda yake a ranar sun rasu, takardu sun ɓace, don haka ba zai sami adalci ba. Kotu tana auna cutarwar da jinkirin ya jawo da dalilin jinkirin. A shari'ar Nelson ta 2008, wadda ta shafi kisan da aka yi a 1976 aka shigar da tuhuma a 2002, Kotun Ƙolin Kaliforniya ta ce jinkirin shekara 26 yana da uzuri, tunda babu isasshiyar hujja sai da gwajin DNA ya samu. Da a ce da gangan aka jinkirta domin a raunana kariyar mutumin, da hukuncin zai iya bambanta.

Na uku, roƙon fitar da hujjar da aka samu ta haramtacciyar hanya. A nan tambayar ita ce ko jami'ai sun keta sirrin mutum. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 1988 cewa sharar da mutum ya fitar bakin titi ba ta buƙatar takardar izinin bincike, a 2013 kuma ta halatta shafo samfuri daga cikin kumatun wanda aka kama kan babban laifi. A watan Mayu na 2018 lauyar DeAngelo ta roƙi kotu ta hana a sake ɗaukar samfurinsa da zanen yatsunsa da hotunan jikinsa, Alƙali Michael Sweet ya ƙi. Bin salsala ta shafukan intanet ya jawo cece-kuce, domin mutanen da suka sanya bayanansu ba su san 'yan sanda za su duba ba. A 2019 GEDmatch ya mayar da ƙa'idarsa cewa sai mai bayani ya yarda, Ma'aikatar Shari'a ta Amurka kuma ta fitar da ƙa'idar da ta hana kama mutum a kan salsala kaɗai ba tare da gwajin tabbatarwa ba.

Na huɗu, roƙon tantance ingancin gwajin. Alƙali yana duba ko masana sun amince da hanyar, da kuma ko ɗakin gwaje-gwajen ya bi ta yadda ya kamata. A shari'ar Castro ta 1989 a birnin New York, an shafe kimanin mako 12 ana sauraren masana kan ɗigon jinin da aka gani a agogon wanda ake tuhuma. Alƙali ya ce ilimin DNA ingantacce ne, amma kamfanin da ya yi gwajin bai bi ƙa'ida ba, ya hana a yi amfani da sakamakon wajen danganta mutumin da kisan. Daga baya mutumin ya amsa laifinsa, amma wannan hukunci ya tilasta wa ɗakunan gwaje-gwaje gyara aikinsu.

Na biyar, ƙalubalantar silsilar hannayen da kayan shaida suka bi. Kamar yadda malaman hadisi ke bin isnadi su san wa ya karɓa daga wa, haka kotu ke son sanin wanda ya tsinci rigar, wanda ya rufe ta, wanda ya karɓa, inda aka ajiye ta, da ranar da aka buɗe. Idan silsilar ta yanke, lauya zai ce an musanya kayan ko an gurɓata su. Gurɓacewa kuwa tana faruwa. 'Yan sandan Jamus sun yi shekaru suna neman wata mata da DNA ɗinta ya bayyana a wuraren laifi kimanin 40 a Jamus da Austiriya da Faransa, sai a 2009 aka gano ma'aikaciya ce a masana'antar da ke samar da audugar da ake shafo samfuri da ita. Har ila yau, samun DNA ɗin mutum a wuri yana nuna cewa wani abu daga jikinsa ya isa wurin, amma ba ya faɗin yaushe ko ta yaya. Wanda ya saba shiga gida don halal, dole a sami samfurinsa a ciki.

Na shida, roƙon ganin hujjoji. Wanda ake tuhuma yana da haƙƙin ganin rahoton gwajin da bayanan aikin, ya nemi nasa masanin ya sake dubawa idan akwai ragowar samfur. A 2009 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa takardar sakamako kaɗai ba ta isa ba, sai masanin ya bayyana a yi masa tambayoyi.

Na bakwai, batun haɗa tuhume-tuhume da wurin zaman shari'a. Tuhume-tuhumen da aka yi wa DeAngelo sun shafi gundumomi shida: Sakramento, Contra Costa, Orange, Santa Barbara, Tulare da Ventura. A watan Agusta na 2018 masu gabatar da ƙara na gundumomin suka amince a haɗa komai a kotu guda a Sakramento. Su ma kafofin watsa labarai sun shigar da nasu roƙo na a buɗe takardun izinin kamu da bincike, alƙali ya sake su a watan Yuni na 2018 bayan an shafe wasu bayanai.

Yadda shari'ar ta ƙare

A watan Afrilu na 2019 masu gabatar da ƙara suka sanar da cewa za su nemi hukuncin kisa, duk da cewa Gwamna Gavin Newsom ya dakatar da zartar da irin wannan hukunci wata guda kafin nan. A watan Maris na 2020 lauyoyin DeAngelo suka bayyana a cikin wani roƙon soke tuhuma cewa a shirye yake ya amsa laifi idan aka janye batun kisa. An ƙiyasta cewa cikakkiyar shari'a za ta ci dala miliyan 20 da shekaru masu yawa, ga shi shaidu da dama sun tsufa, annobar korona kuma ta jinkirta zaman kotuna.

Ranar 29 ga Yuni, 2020, a wani babban zaure na Jami'ar Jiha da ke Sakramento, DeAngelo ya amsa dukkan tuhume-tuhume 26. Sharaɗin yarjejeniyar ya haɗa da cewa ya amsa a bainar jama'a sauran laifuffukan da wa'adinsu ya ƙare, domin matan da ya zalunta su ji da kunnensu. Waɗanda abin ya shafa da iyalansu sun yi kwana uku suna bayani a gaban kotu, sannan ranar 21 ga Agusta, 2020, aka yanke masa ɗaurin rai da rai ba tare da damar saki ba. Ba a taɓa kafa masu taya alƙali yanke hukunci ba a wannan shari'a. Komai ya ƙare a matakin share fage.

Matsayin doka a Nijeriya

A ƙasarmu ƙa'idar gaba ɗaya ita ce wucewar lokaci ba ta hana hukuma gurfanar da mai laifi, in ban da 'yan laifuffukan da doka ta ambaci wa'adinsu. Kisan kai da sashe na 221 na kundin Final Kod ya tanadi hukuncinsa ba shi da wa'adi. Sakamakon gwajin DNA yana shiga kotu ne a matsayin ra'ayin masani a ƙarƙashin sashe na 68 na Dokar Shaida ta 2011, kuma alƙali ne ke auna nauyinsa. Sashe na 135 ya ɗora wa mai gabatar da ƙara nauyin tabbatar da laifi ba tare da sauran kokwanto mai ma'ana ba.

Akwai bambanci biyu da tsarin Amurka da ya kamata jami'ai su sani. Na farko, sassa na 14 da 15 na Dokar Shaida sun ce hujjar da aka samu ta hanyar da ba ta dace ba tana iya karɓuwa, sai in kotu ta ga illar karɓarta ta rinjayi amfaninta. Na biyu, Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015 ta taƙaita amfani da roƙon share fage wajen jan ƙafa. Sashe na 396 ya ce za a iya ƙalubalantar ingancin tuhuma, amma kotu za ta ba da hukunci a kai tare da hukuncin ƙarshe, sashe na 306 kuma ya hana dakatar da shari'ar laifi. Sashe na 270 ya tanadi yarjejeniyar amsa laifi. Jihohi sun yi nasu dokoki a kan wannan tsari da 'yan bambance-bambance. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 yana kare wanda ake tuhuma: ba shi da laifi har sai an tabbatar, a ba shi lokaci da damar shirya kariya, kuma kada a sake yi masa shari'a kan laifin da kotu ta riga ta yanke hukunci a kai.

Ta fuskar Shari'ar Musulunci, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ta zartar a zamanta na Makka a 2002 cewa babu laifi a dogara da gwajin DNA wajen binciken laifi, da kuma kafa hujja da shi a laifuffukan da ba na haddi ko ƙisasi ba, bisa ƙa'idar kawar da haddi da shubuha. Game da kayan aiki kuwa, Gwamnatin Jihar Legas ta buɗe cibiyar gwajin DNA a watan Satumba na 2017, aka lalata ta a tarzomar watan Oktoba na 2020. Ƙarancin irin waɗannan cibiyoyi ya ƙara wa adana samfuri muhimmanci, domin abin da ba a iya gwadawa bana ana iya gwada shi bayan shekaru idan yana nan.

Abin da ya rataya a wuyan jama'a da jami'ai

A karkara mai unguwa ko dagaci ne ke fara isa wurin da abu ya faru, kafin 'yan sanda. Muna kira da a kiyaye waɗannan matakai:

1. A fara ceton rai. Wanda ya ji rauni a gaggauta kai shi asibiti, a kuma sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa nan take.

2. A hana jama'a shiga wurin. Kada a share, kada a wanke jini, kada a ɗauki wuƙa, sanda, hula, takalmi ko guntun taba da hannu. A rubuta sunayen waɗanda suka riga suka shiga ko suka taɓa wani abu, domin a iya ware samfurinsu.

3. Idan an rasa rai ta hanyar da ake zargi, a bari likita da 'yan sanda su duba gawa su ɗauki samfuri kafin wanka da sutura. Mun san muhimmancin gaggauta jana'iza, sai dai abin da ruwa ya tafi da shi ba ya dawowa, kuma haƙƙin mamacin ne a gano wanda ya zalunce shi.

4. Wadda aka yi wa fyaɗe a kai ta asibiti da wuri, kafin wanka idan zai yiwu, tare da kayan da ke jikinta ba a wanke ba. Sa'o'i 72 na farko su ne mafi muhimmanci ga ɗaukar samfuri da kuma maganin kariya daga cutar ƙanjamau. A tsare sirrinta, kada a mayar da zancen sulhun cikin gida.

5. Jami'an da ke karɓar kaya su shanya mai laima a inuwa, su sanya kowane abu a ambulan ɗin takarda dabam, ban da leda, domin leda tana tara gumi ta ruɓar da samfur. A manne baki, a sa hannu, a rubuta rana da wuri.

6. Duk lokacin da kayan suka sauya hannu a rubuta a rajista. Kada a zubar da kayan shaidar babban laifi don kawai fayil ya daɗe.

7. Kada a ɗauki doka a hannu. Ɓoye shaida ko lalata ta domin kare mai laifi shi ma laifi ne da doka ke hukuntawa.

Kammalawa

Hausawa na cewa rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. A shari'ar Kaliforniya wannan rana ta zo bayan shekara 32 da kisan ƙarshe, kuma ta zo ne saboda wani likita ya adana samfuri a 1980, lokacin da babu wanda ya san da gwajin DNA. Muna fatan hakimai, dagatai, masu unguwanni, ma'aikatan asibitocin karkara da jami'an ƙananan hukumomi za su isar da wannan bayani ga jama'arsu. Duk wanda yake da masaniya kan wani tsohon laifi, komai daɗewarsa, yana iya kai ta ga ofishin 'yan sanda mafi kusa ko Ma'aikatar Shari'a ta Jiha.